Aikin kula da ruwa da wuta da gini a gidan gyaran hali: in nema ko in haƙura?

Ɗan Ƙofar Na'isa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, don Allah masu zolaya su ɗaga mini ƙafa yau. Ina da HND a fannin lantarki, shekara biyu ke nan da gama bautar ƙasa. Tun lokacin nake bin wani ogana muna haɗa sola a gidaje, yau Hotoro gobe Rijiyar Zaki. Ana samun na cefane, sai dai babu tabbas: wani watan mu yi gida uku, wani watan mu zauna muna kallon waya. Kawuna ya ce in aka buɗe ɗaukar ma'aikata a Hukumar Gidajen Gyaran Hali in nema, in yi ƙoƙari a kai ni sashen ayyuka. Ni kuwa burina in zama wanda za a damƙa wa babban wuri a ce ruwansa da wutarsa da rufinsa duk suna wuyanka. Gidan yari zai kai ni can? Ko da na sa kaki shi ke nan, sana'ar hannuna ta bi ruwa? Hajiyarmu dai tun da ta ji zancen ta ɗaure fuska.

Ba Sani Ba Sabo:
Jama'a na kwana suna roƙon Allah ya raba su da gidan ɗan Kande, kai za ka kai kanka da ƙafarka har da takardun makaranta. Hajiya ta yi gaskiya. Ranar neman aure in aka ce "ina yaron yake aiki?" me kawun naka zai ce?

Admin:
Ba Sani, an ce a ɗaga ƙafa. Muna da Baba a zauren nan da ya yi aikin har ya yi ritaya, a jira shi.

Tsohon Ganduroba:
Wa alaikumus salam. Ɗana, tun da hantsi na ga saƙonka, jikata nake jira ta dawo daga makaranta ta rubuta mini, idona ba ya son ƙananan rubutun nan.

Shekara 35 na yi, fiye da rabinsu a sashen ayyuka. Na farko, kada wani ya rufe ka: jami'i za a ɗauke ka. Za ka je horo, ka yi fareti, ka sara wa na gaba da kai ko da ka fi shi karatu. In aka ƙirga mutane da yamma lissafi bai cika ba, kai ma babu tafiya gida, ko da ƙwan fitila ka shigo sauyawa. Kuma aikin tarayya ne, yau kana gidan yarin Goron Dutse, gobe takarda ta fito ka tsinci kanka a jihar da ba ka taɓa takawa ba. In ba za ka iya ba, tun yanzu ka haƙura.

Amma maganar sana'a za ta mutu, wanda ya faɗa bai san wurin ba. Makaranta tana hutu, ofis yana tashi, kasuwa tana watsewa da magariba. Nan kuwa mutum yana ciki dare da rana, azumi da Sallah, yana shan ruwa, yana zagayawa, ana ɗora masa tukunya, kuma ba shi da ikon cewa bari in leƙa maƙwabta in ɗebo.

A wani gida da na zauna, ba a Kano ba, cikin watan Afrilu, irin zafin nan da mutum ke rasa inda zai sa kansa, injin da ke cikin rijiyar burtsatse ya ƙone ranar Juma'a da la'asar. Mutanenmu sun kai dubu. Ma'aikatan Red Cross suna lissafin cewa mafi ƙarancin ruwan da ɗaurarre yake buƙata a yini lita 10 zuwa 15 ne. To mutum 1,000 sau 15, lita 15,000. A jarka mai lita 25, jarka 600 ke nan. A kurar 'yan garuwa mai ɗaukar 12, kura 50. Kuma kowace jarka sai an buɗe an leƙa a bakin ƙofa. Kafin azahar ɗin Asabar tankuna sun ƙafe. Abin da ba na mantawa shi ne sautin gidan. Kullum akwai hayaniya, wannan na waƙa, wancan na tilawa, can ana musun ƙwallo. Ran nan sai gida ya yi tsit, ba ka jin komai sai kwano da ake bugawa a ƙarfen taga, daga wannan ɗaki sai wancan ya amsa. Duk tsohon ma'aikaci ya san abin da ke biyo bayan haka. Oganmu da kuɗin aljihunsa ya kira tanka, mu kuma muka kwana zaro bututu da tocila. Tun daga ranar ban ƙara yarda na zauna babu injin ajiya a sito ba, ko takarda goma zan rubuta.

Injiniyan Sharaɗa:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Sai dai ranka ya daɗe, labarin nan naka shi ne hujjata ta cewa kada ya shiga. Me ya sa babu injin ajiya tun farko? Me ya sa sai oga ya taɓa aljihunsa?

Ni a masana'anta nake. Abin da ƙanena yake son zama ba gyara ba ne, tsari ne. Ka san janaretanka awa nawa ya yi, yaushe za a juye masa mai, wace waya ce take ɗaukar zafi, kwanon rufin nan damina nawa ta rage masa, sannan ka kai lissafi a sa a kasafin kuɗi kafin abin ya lalace. A wurinmu in inji ya tsaya awa ɗaya mai kamfani yana jin asarar a jikinsa, don haka in na yi magana yana saurarona. A aikin gwamnati ka rubuta, fayil ya tafi hedikwatar jiha, daga can ya nufi Abuja, babban aikin kuma ɗan kwangila za a ba wa. Kai abin da zai rage maka faci. Shekara goma kana ɗaure waya da leda, abokanka na waje sun yi maka nisa.

Tsohon Ganduroba:
Injiniya, ban musa maka ba, mun yi faci har mun gaji. Amma wanda ya iya riƙe gida mai mutum dubu da ɗan abin da ke hannunsa, in ka ba shi masana'antarka wasa zai ɗauke ta. Yaran da suka yi aiki a ƙarƙashina akwai waɗanda suka bari, yanzu asibitoci da makarantun kwana suke riƙewa.

Injiniyan Sharaɗa:
To ai Baba ka ga sun bari ke nan.

Lauyan Bakin Kotu:
Ku bari in sa baki, don duk mako ina shiga gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse ganin waɗanda nake karewa. Duk kuna magana a kan inji, ni kuwa a ganina tushen wahalar mai kula da gini yana kotu. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke, ba a yanke musu hukunci ba. Gida an gina shi don adadi kaza, an haƙa masa masai da sokawe daidai adadin, sai a zuba masa ninki. Babu injiniyan da zai hana wannan sokawen cika.

Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan 2019, wadda ta mayar da sunan daga gidan yari zuwa gidan gyaran hali, ta tanadi cewa in gida ya cika a sanar da babban alƙalin jiha da sauran hukumomi, har ta ba da damar a ƙi karɓar sababbin mutane in ba a ɗauki mataki ba. A 2022 kuma an fitar da umarnin shugaban ƙasa mai lamba 11 a kan kula da gine-ginen gwamnati, wanda ya ce ma'aikatu su kafa sassan da za su riƙa wannan aiki. A 2023 aka gyara tsarin mulki, yanzu jihohi ma suna da ikon kafa nasu gidajen. Takarda dai takarda ce, na sani. Amma duk jihar da ta tashi gina nata, za ta nemi wanda ya san yadda ake riƙe irin wannan wuri, kuma ba su da yawa.

Ba Sani Ba Sabo:
Ni abin da ban gane ba, mu da ba mu yi laifin komai ba a unguwarmu jarka muke saye, wuta kuwa sai dai mu gan ta a gidan masu sola. Sai a ce ɓarawon waya ne za a damu da fankarsa? Otal ne?

'Yar Gwale:
Malam Ba Sani, ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in amsa maka ta ɓangarena. Ka cusa mutum tamanin a ɗakin mutum talatin, taga ƙarama, cikin bazarar Kano da zafi ke haura digiri 40. Ɗaya yana da tarin fuka. Wata shida sai ka ƙirga nawa suka ɗauka. Ga ƙazuwa, ga kuɗin cizo, ga fargabar sanƙarau, in masai ya haɗu da ruwan sha kuma amai da gudawa. Cuta ba ta san katanga ba. Ganduroba zai koma gida wurin 'ya'yansa, wanda aka sallama zai hau adaidaita ɗaya da kai, ya tsaya sahu ɗaya da kai a masallaci. Shi ya sa ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015, waɗanda ake kira da sunan Mandela, suka tsaya a kan iska da haske da ruwan sha da banɗaki. A wurina mai gyara taga da famfo a can ya fi ni hana cuta.

Kuma kamar yadda lauya ya faɗa, da yawansu ba a tabbatar sun yi komai ba. Rigimar bashi ko ta fili ma tana kai mutum.

Ba Sani Ba Sabo:
Anti na ji, na janye rabi.

Mai Famfo na Kurna:
Salamu alaikum. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma na taɓa shiga irin gidan nan aiki sau uku a ƙarƙashin wani ɗan kwangila, a wata jiha maƙwabciya. Ƙanena, abin da ba a koya maka a makaranta ba shi ne ƙirgen kaya.

A bakin ƙofa za ka ajiye waya. Sai ka zazzage jakarka a kan tebur, wani jami'i yana rubutawa: filaya ɗaya, sifana uku, guduma ɗaya, ruwan zarto biyu. Ka sa hannu. Ina cikin yankan bututu a bayan ɗakin girki ruwan zarto ɗaya ya karye gida biyu. Yadda na saba a gidajen mutane, na jefa guntun a kwata na ɗaura sabo. Da la'asar na zo fita, jami'in ya jera kayana, ya ɗaga rabin ya ce, "Malam, ina ɗan'uwansa?" Na yi dariya na ce ai ya karye. Wallahi shi bai yi dariya ba. Nan take aka kulle kowa a ɗaki, aka haɗa ni da ma'aikata biyu muka koma. Na tuɓe riga na zura hannu har kafaɗa cikin ruwan kwatar da ake zubar da wankin tukwanen gabza. Sai bayan isha'i na laluɓo shi, ɗan abu bai kai tsawon yatsa ba. Jami'in ya haɗa biyun a kan tebur ya ga bakin ya haɗu, sannan ya ce in tafi. A hanya yake gaya mini guntun nan ya isa ya cinye ƙarfen taga a 'yan kwanaki, ko ya zama wuƙa.

Haka tsani, ba a jingine shi a tafi sallah. Yashi ko bulo ba a tara su kusa da katanga. Igiya da ragowar waya duk da lissafinsu. Ko bututu za ka bi da shi a bango sai ka tambayi kanka, mutum zai iya takawa? Har yau a gidan mutane ma sai na ƙirga kayana kafin in tashi, yarana suna ta yi mini dariya.

Tsohon Ganduroba:
Madalla da mai famfo, ka faɗi abin da na manta. A wurin ajiyarmu allo muke da shi, an zana siffar kowane ƙarfe da fenti, da ka ɗaga kai ka ga gurbin da babu kowa ka san akwai magana. Kuma ɗana, za a ba ka ɗaurarru su taya ka aiki, cikinsu akwai birkiloli da masu walda da suka fi ka iya aiki. Ka girmama su, ka koya musu, ka koya a wurinsu. Amma ranar da wani ya ce ka taimaka ka miƙa wa matarsa saƙo, ko ka shigo masa da ɗan layin waya, ka tuna daga nan ake fara sauya ɗaki, daga ofis zuwa ciki.

Ɗan Ƙofar Na'isa:
Allah ya saka da alheri. Wallahi ban taɓa kallon abin ta nan ba, ni a zatona tsaro na masu bindiga ne.

Lauyan Bakin Kotu:
Ka duba abin da ya faru a Suleja a watan Afrilun 2024. Babu wanda ya kai hari, ruwan sama da iska ne suka rushe tsohuwar katanga, mutum fiye da 100 suka fice. A watan Satumba na shekarar, da madatsar Alau ta ɓalle ambaliya ta ci Maiduguri, katangar gidan can ma ta faɗi, sama da 200 suka fita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa wurin fita. Wanda yake zagaya katanga kafin damina yana duba inda ruwa ke kwanciya a gindinta, aikin tsaro yake yi.

Malamin Tarihi:
In ɗan kauce kaɗan. "Yari" sarauta ce, shi ne mai kula da kurkukun sarki, daga nan aka samu "gidan yari". Shi ya sa na Kurmawa yake dab da Gidan Rumfa, fadar Sarkin Kano. Tun 1910 ginin yake, kuma gidajen yari irinsa suna hannun En'e har 1968 da gwamnatin tarayya ta haɗe su. Tsoron da iyayenmu suke yi wa sunan ganduroba yana da asali, 'yan NEPU da yawa sun ɗanɗana a wancan zamani. Don haka kada ka ga laifin Hajiya. A 2025 gwamnatin jiha ta bayyana niyyar mayar da Kurmawa gidan tarihi a kwashe mutanen zuwa Janguza.

Injiniyan Sharaɗa:
To Janguza ne kaɗai zai sa in sassauta. Gida ne sabo a hanyar Gwarzo, an tsara shi don mutum 3,000. Wuri irin wannan ba a riƙe shi da faci, dole a samu mai jadawali, in ba haka ba shekara kaɗan zai tsufa. Kuma kai mai sola ne: rijiyar burtsatse da fitilun katanga su ne abu biyu da bai kamata su dogara da man gas ba. In ka shiga da wannan ilimin, ka iya lissafin lodi, ka iya rubuta rahoton da oga zai ɗauka ya kai sama ba tare da ya gyara ba, za a san da kai. Amma ban janye maganata ba: in ka samu masana'anta ko asibiti mai zaman kansa kafin nan, ka kama.

Ɗan Kwangila:
Akwai hanya ta uku, ka shiga ba tare da kaki ba. Sai dai kada ka zata sauƙi ce. Rajistar kamfani a CAC, takardar shaidar biyan haraji, ta hukumar fansho PENCOM, ta asusun horas da ma'aikata ITF, ta asusun inshorar ma'aikata NSITF, rajista da hukumar kula da kwangilolin gwamnati BPP, duk kafin a kalli farashinka. Ka yi aiki da kuɗinka, ka jira biya. Yaro mai tasowa da ba shi da jari, ya fi masa ya fara bin wani.

Ɗan Ƙofar Na'isa:
Jari kam babu, Alhaji. To in zan nema, me zan tanada? Kuma akwai wani da ya ce da kawuna yana da gurbi a hannu, a kawo wani abu a ajiye mini.

Admin:
Tsaya nan. Kada ku ba kowa ko sisi. Ɗaukar aikin yana hannun hukumar CDCFIB da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, ita ce mai ɗaukar na shige da fice da na kashe gobara da sibil difens ma. A shafinta na intanet ake cikewa, kuma kyauta ne. Mutum nawa a garin nan suka sayar da fili ko keken ɗinkin matansu aka ba su takardar bogi?

Tsohon Ganduroba:
Admin ya gama magana. Abin da za ka tanada: takardunka su zama suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, daidai da na katin ɗan ƙasa, don a nan ake zubar da mutane da yawa. Ka fara motsa jiki, akwai gwajin lafiya da na tsayi. Matakan shiga uku ne, na masu babban karatu, na sufetoci, da na mataimaka inda masu sakandare da masu sana'ar hannu suke shiga. Sanarwar za ta faɗi inda HND ta faɗa, ka karanta da kyau kada ka cike wanda ba naka ba.

Sannan ka ƙara sana'a. Wuta kaɗai ba ta isa ba, kashi mafi yawa na kiran da za a yi maka na ruwa ne da masai. Ka je ka yi gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago a aikin famfo, ana farawa daga mataki na uku a hau zuwa na ɗaya.

Injiniyan Sharaɗa:
Ka kuma bi hanyar rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, akwai rukunin masu HND. Ƙungiyar IFMA ta masu kula da gine-gine tana da reshe a Najeriya, ka riƙa bin kwasa-kwasanta. Waɗannan za su bi ka duk inda ka je, da kaki ko babu.

'Yar Gwale:
Maganar Hajiya fa? Kada ka tsallake ta. Ka zaunar da ita ka karanta mata abin da Baba ya rubuta.

Ɗan Ƙofar Na'isa:
Anti, na karanta mata bayan isha'i. Ta yi shiru har na gama labarin ruwan nan, sai ta ce, "Yanzu ranar da babu ruwan, da me suka yi alwala?" Ba ta ce ta yarda ba, ta dai ce in je in gaida Baba in ji daga bakinsa. Baba, in babu damuwa zan turo saƙo ta bayan fage. Mai famfo, ni ma ina so in riƙa bin ka ranar Asabar, ko jaka in riƙe maka.

Mai Famfo na Kurna:
Ba komai ƙanena. Ƙarfe bakwai nake fita, akwai sokawen da za mu buɗe a Dorayi. Ka zo da tsofaffin kaya da takalmin roba, kuma kada ka ci abu mai nauyi da safe.

Tsohon Ganduroba:
Ka zo bayan la'asar kowace rana ban da Juma'a. Ka ce wa Hajiya taimama suka yi, ƙasa kam ba ta taɓa yanke mana ba.

Ba Sani Ba Sabo:
Kafin a kulle ka, nawa za ka haɗa mini sola mai ɗaukar fanka biyu da firji?